Ranar da Dutsen Maigemu Ya Haɗiye Awakin Marka

Ranar wata Alhamis da hantsi, a ƙarshen bazara, Dutsen Maigemu ya buɗe baki ya haɗiye awakin Marka talatin da uku, sa'an nan ya rufe kamar ba abin da ya faru. Marka na bisa wani marke tana sarar musu ganye, da idonta ta ga wutsiyar ta ƙarshe ta shige. Marken nan kuwa shi ne itace na ƙarshe da ya rage a tsaye a kan dutsen. Waɗanda suka raɗa wa dutsen suna sun gan shi da kurmi tun daga gindi har ƙoli. Jikokinsu suka zo da gatari da garke suka yi masa aski tas, har ya zama in ka kira shi Maigemu sai ka ji kamar tsokana kake yi.

Sai wata murya ta fito daga cikin dutsen. Ba ta da ƙarfi, amma har cikin haƙoranta Marka ta ji ta.

"Ya ke 'yar Adam, dabbobinki suna hannunmu. Ranar da ruwan farko ya taɓa ƙasa za su zama duwatsu, su dawwama a inda suka cinye."

Marka ta dubi gabas, ta ga hadari ya fara leƙe.

Ita dai Marka gajeriyar mace ce da ta ba hamsin baya, mai baki, ba a taɓa jin ranar da ta ce ita ce da laifi ba. Awakin nan su ne duniyarta. Kowace da sunanta, ko tari ɗaya ta yi a bayan gida Marka ta san wace ce. Ta sauko gida a guje ta gaya wa mijinta Malam Nomau, mai tukar igiya, mutumin da ko gobara ta tashi sai ya ƙarasa alwalarsa. Ya ce a tara malamai a je wurin mai gari. Ta ce kafin su gama gaisawa an yi ruwa an ɗauke. Da ya ga ta ɗaure ɗamara ta saɓa gatari, sai ya miƙa mata sabuwar igiyar da ke hannunsa, ya ce Allah ya tsare.

A gindin dutsen akwai tsohon idon ruwa da ya ƙafe shekara bakwai. Marka ta durƙusa a bakinsa, ta ji warin bunsurunta na fitowa, ta kutsa kai ta yi ta rarrafe. Da ramin ya buɗe sai ga ta a wani kwari mai faɗi, babu rana amma haske tar, kuma ko'ina kututture ne, dubbai, suna ta gunaguni. Tana taka ƙafa saiwoyi suka fito daga ƙasa suka naɗe mata idon sawu. Wani ƙaton kututturen maɗaci, wanda shi ne sarkinsu, ya juyo da fuskar da ke jikin ɓawonsa.

"Ya ke mai gatari, wannan shi ne Kwarin Kututture. Ba mai ratsa shi sai ya nuna waɗanda ya sare da hannunsa, ya kira kowane da sunansa. In kin ɓoye ɗaya, nan za ki tsaya ki yi saiwa."

Marka ta buɗe baki za ta ce ai ba ita kaɗai ke sara ba, saiwoyin suka ƙara matsa ta. Ta haɗiye maganar. Ta shiga binsu tana shinshinar ɓawo tana shafa sara, don ta san bakin gatarinta kamar yadda ta san tafin hannunta. Ga kanyar da ta sare shekarar da aka yi fari, ga ɗinya, ga ƙirya, ga bauren da ta yi ta yi wa ƙundumi har ya haƙura ya mutu. Ta lissafa tamanin da ɗaya. Wanda duk ta kira sai ya daina gunaguni ya yi ajiyar zuciya. Wani ɗan kututturen magarya ma har godiya ya yi mata, ya ce ya zaci an manta da shi. Sarkin ya ce ta ajiye gatarin a nan, ta miƙe kudu, za ta tarar da kogi.

Kogin ba na ruwa ba ne. Jar ƙasa ce ke gudu tana ƙara kamar ana niƙa, duk ƙasar da ruwan sama ya kankare daga kan dutsen tun da aka rasa saiwar da za ta riƙe ta. Marka ta ɗaura igiyar Malam Nomau a tsakiyar sandarta, ta wurga tsallake, sandar ta maƙale tsakanin duwatsu biyu. Ta shiga tana jan jikinta. Ƙasa ta kai mata ƙugu, ta kai ƙirji, ta kai wuya, sau biyu tana fizgar ta za ta tafi da ita. Da ta shiga mata hanci sai ta gane ƙamshinta. Ƙasar gangaren da mahaifiyarta ke shuka rizga ce, tun Marka na yarinya tana bin ta da ƙoƙo. Ta fita a tsallake ja wur, ta zauna ta yi kuka, don wannan ya yi mata ciwo fiye da matsar saiwoyi.

Ba ta yi nisa ba ta ci karo da Damisa kwance a kan wani falalen dutse, ta tare hanya. Ta yi ƙiba har zanen jikinta ya buɗe kamar faya-fayai, ga ƙwaryar fura a gabanta ko kallonta ba ta yi.

"Ya ke mai awaki," in ji Damisa, "shekara bakwai aljanu na ciyar da ni da fura. Yau Allah ya kawo nama da ƙafarsa. Hannu za ki bar mini ko ƙafa?"

Bakin Marka bai mutu ba. Ta rusuna ta ce, "Ranki ya daɗe, kafin ki zaɓa, me ya kawo mai daraja irinki cikin rami ana dama mata fura kamar mai jego?"

Damisa ta saki jiki ta ba da labari, don ta daɗe ba wanda ya tambaye ta. Ta ce maharba sun dame ta, reshen da za ta kwanta a kai ma babu, shi ya sa ta bar dutsen. Tun da ta tafi gada da rema da birai suka cika shi, ba mai tsorata su, duk tsiron da ya tsira daga bakin awaki ba ya kwana biyu. Ta ce ba abin da take so irin ta koma gida. Marka ta ce gaban Magajiyar Dutse za ta, kuma ba a taɓa kayar da ita a magana ba, in Damisa ta kai ta za ta yi musu magana su biyu. Damisa ta ture furar da ƙafa ta ce ta hau.

Marka ba ta taɓa hawa ko jaki a guje ba. Suka ratsa dajin gishiri, suka tsallake rami mai hayaƙi, suka bi ta ƙarƙashin wani tsuntsu da inuwarsa ta ci musu rabin yini. Da fari ta runtse ido tana salati. Daga baya ta buɗe ido ɗaya, can sai aka ji ta tana cewa Damisa ta ƙara wuta.

Birnin aljanu a cikin zuciyar dutsen yake, kuma cunkoso ya yi masa yawa. Duk aljanun da ke zaune a itatuwan kurmi, da aka sare gidajensu, nan suka dawo, goma-goma a ɗaki, masu dogon wuya na barci a tsaye, 'yan ƙanana a cikin tukwane. A tsakiyar birnin akwai rumbuna dubu cike da irin kowane itace da ya taɓa tsayawa a kan Maigemu. Kusa da su aka killace awakin. Suna hango Marka suka ɗauki kuka. Ta duba ta ga kofatansu sun fara yin fari kamar tsakuwa, ta san hadari ya matso a waje.

Magajiyar Dutse na zaune a kan kujerar saiwoyi. Gashin kanta busasshen ganye ne, in ranta ya ɓaci sai ya riƙa zuba. Marka ta faɗi ta yi gaisuwa.

"Ya ke 'yar Adam," in ji Magajiya, "shekara bakwai muna shuka dutsen nan. Kowace ƙwaya sai mun wanke ta da raɓa, mun goge ta da alharini, mun binne ta da girmamawa. A cikin dubu ɗaya ke fitowa, ita ma dabbobinki su cinye, abin da suka bari gada ta ƙarasa. Faɗi dalili ɗaya da zai hana su zama duwatsu."

Marka, wadda ba a taɓa kayarwa a magana ba, ta shiga laluben dalili. Ana cikin haka sai ga Sarkin Rumbu, wani siririn aljani, ya shigo yana yarfe hannu. Ya ce ashe tun ranar da aka kawo su wata gajeriyar akuya ta huda rumbun 'ya'yan gawo ta baya, ta koya wa sauran hanya, sun cinye rabi. Marka ba ta tambaya ba, ta san Guntuwa ce, tsohuwar akuyarta da ba a taɓa yin shingen da ya riƙe ta ba. Ganye ya fara zuba daga kan Magajiya kamar ana kaɗa bishiya. Ta ce ba sai an jira ruwa ba, a kai ta wurin awakin yanzu ta mai da su duwatsu.

Aka ɗunguma zuwa makwancin awakin, Marka na biye. Ta shiga tsakaninsu don ta shafa su shafar ƙarshe, ta sunkuya ta rungumi wuyan Guntuwa, sai idonta ya faɗa ƙasa. Ko'ina cikin kashin awakin ga 'yan tsirrai kore shar, ɗaruruwa, don a ƙasar aljanu tsiro ba ya jiran mako. Ta tsugunna ta ɗebo taki da hannu biyu ta kai gaban Magajiya. Fadawa suka toshe hanci suka ja da baya.

"Ranki ya daɗe, kun taɓa kiwon akuya?"

Magajiya ta ce Allah ya sawwaƙe.

"To shi ya sa. Ƙwayar gawo da ta bagaruwa ɓawonsu ya fi ƙarfin raɓa da alharini. Sai sun bi ta cikin akuya sun yi laushi, su faɗo da takinsu. Duk inda na tayar da makwancin awakina, in damina ta sauka gawo ne ke fitowa. Kun girmama irin nan har kun hana shi tashi." Sa'an nan ta ƙara da abin da ba wanda ya tambaye ta. "Ni kuma shekara talatin ina ganin suna fitowa, ina barin awaki su kiwace su. Wannan laifina ne, ba na dabba ba."

Magajiya ta miƙa yatsa ta taɓa tsiro ɗaya. Nan take wani ɗanyen toho ya ɓullo a tsakiyar kanta. Ta yi dariya, dariyar da birnin bai ji ba shekara bakwai, aljanun cikin tukwane suka leƙo su ga abin da ya faru.

A nan aka ƙulla sharaɗi. Awaki za su ci iri su zagaye dutsen kafin ruwa ya sauka. Bayan haka a kewaye shi da shingen ƙaya, damina uku ba akuyar da za ta taka shi. Damisa za ta koma ta tsare shi daga gada da rema da birai, ba maharbin da zai taɓa ta. Idan damina ta uku ta wuce kurmi bai tashi ba, hukuncin farko na nan. Damisa ta ce ita ma tana da nata: akuyar da duk ta tsallaka shinge tata ce. Marka ta dubi Guntuwa, Guntuwa na tauna igiyar rigar Sarkin Rumbu. Duk da haka Marka ta ce ta yarda.

Dutsen ya buɗe, aka fito da kiɗa. Ba a taɓa yi wa akuya hidima irin ta kwana ukun da suka biyo baya ba. Aljanu na bin su da kwanduna a ka, wannan na miƙa wa bunsuru 'ya'yan gawo da hannu biyu, wancan na yi wa Guntuwa fifita. Sarkin Rumbu da kansa yake bin bayansu, duk inda akuya ta tsaya ta yi abin da ake jira sai ya yi mata barka. Marka na gaba da sanda tana nuna gangaren da ya fi zaizayewa, ta sa aka jera duwatsu a karkace don su tare ƙasa. A ƙarƙashin inda gawo da bagaruwa za su tashi aljanu suka binne irin kanya da ɗorawa da maɗaci, don su girma a inuwarsu. Da la'asar ta rana ta uku iska ta taso da ƙamshin ruwa, saura awaki huɗu a ƙoli. Marka ta haura ta koro su, ta ɗauko ƙaramar a kafaɗa, suna ƙetare shingen da aljanu suka gama kafawa ɗigon farko ya faɗo mata a goshi. Ta kama ƙafar akuya ta duba, ta ga kofato ya koma baƙi kamar da.

Damina ukun nan ba da wasa suka wuce ba. Marka ta koma yankan ciyawa a fadama tana ɗaukowa a ka, Malam Nomau na tuka igiya ba hutu, don Guntuwa na cinye ɗaya kowane mako. Mutanen gari suka yi ta yi mata dariya, wai ta mai da awaki amare ana kai musu abinci ɗaki. Ta yi kunnen uwar shegu da su. A damina ta biyu tsohon idon ruwa ya fara tsattsafowa, sai ga masu dariya sun zo aron igiya.

A cikin wannan daminar ce Guntuwa ta tsallaka shinge. Marka ta bi sawunta da rana tsaka, ta tarar da Damisa, wadda yanzu ta rame ta yi sumul, ta ɗora mata ƙafa a wuya. Marka ta tsaya hawaye na zuba, ta ce alkawari ne, ba za ta tayar ba. Damisa ta dube ta ta dubi akuyar, ta ce ba ta cin wanda ya mai da ita gida, amma sharaɗi ba ya tafiya a banza. Ta gutsire kan kunnen Guntuwa ta sake ta. Daga ranar ko shinge Guntuwa ta gani sai ta canza hanya.

Da damina ta uku ta ɗauke, Magajiya ta aiko cewa ranar Juma'a da safe za ta yanke hukunci, a kawo awaki bakin shinge. Marka ba ta iya cin komai ba. Daga ƙasa dutsen ya yi kore, amma ba ta san ko kore irin wanda zai ishi aljanu ba ne. Ta koro awakin, yanzu sun kai saba'in, Malam Nomau na biye a hankali. Magajiya na tsaye a bakin shingen, ta lulluɓe kanta, ba a ganin fuskarta balle gashinta. Ta ce daga yau gefe ɗaya cikin huɗu na dutsen za a riƙa kiwo kowace shekara, sauran ukun su huta. Sa'an nan ta ce a buɗe, dutsen ne zai faɗi hukuncinsa da kansa.

Aka ja ƙaya. Awaki suka ruga ciki, Guntuwa ce ta ƙarshe, sai da ta leƙa hagu da dama. Kafin Marka ta gyara ɗaurin zaninta ba ko ɗaya a gabanta. Ta duba sama ta duba gefe, ba fara ba ja ba baƙa. Ta kira Guntuwa, shiru. Ta sake kira. Can sai ta ji amsa, kusa ƙwarai, bai fi taku goma ba, sa'an nan wata ta amsa daga sama, wata daga yamma, har dutsen ya ɗauka gaba ɗaya. Reshen wani gawo ya girgiza a gabanta, reshen da ya fi tsawonta sau biyu.

Malam Nomau ya iso yana haki, ya ga matarsa zaune a ƙasa tana dariya, hawaye har haɓa.

"Lafiya, uwargida? Ina awakin?"

"Malam, suna nan duka," in ji Marka. "Ganinsu ne ba na yi. Itatuwa sun rufe su."